Ilu Sakatare, Mai Juya Ambulan

Duk wanda ya taɓa samun wasiƙa daga hannun Malam Ilu ya san ba shi ne mutum na farko da ambulan ɗin ya ziyarta ba. Ku da kuka zauna da shi a Gumel kun sha gani da idonku. In aka miƙo masa wasiƙa ba ya yaga bakinta yadda sauran jama'a ke yi. Sai ya laluba aljihu ya zaro reza, ya bi gefen ambulan ɗin a hankali kamar wanzami a kan jariri, ya buɗe shi ya shimfiɗa a cinya, ya juya cikinsa ya koma waje, ya liƙe da ƙaro. Sai ya gama wannan tukuna zai duba abin da aka rubuto masa. Ranar da aka kawo wasiƙa daga Kano, wadda muke ta jira don mu ji ko 'yarsa ta sauka lafiya, ina tsaye a kansa kamar in fizge takardar, shi kuwa yana ta shafa ƙaro da tsinke. Na roƙe shi don Allah ya karanta mu ji. Ya ce abin da ke cikin takardar ya riga ya faru, amma ƙaron nan in an bar shi bushewa zai yi. An samu 'ya mace, uwa da jaririya lafiya lau. Ambulan ɗin kuma ya koma Kano ɗauke da barka.

Ni ne Habu tela, ga waɗanda furfura ta hana su gane ni. Ilu taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, ya kuma ba ni shekara goma sha wani abu. Saboda haka kada wani ya ce ina yi da mamaci. Duk abin da zan faɗa yau na riga na faɗa masa a kan idonsa, ya kuma rama har da ƙari.

Ya yi shekaru yana malamin rubutu a ofishin En'e, ya ajiye aiki daidai lokacin farin nan da ya karkashe shanu a farkon shekarun saba'in. Abin da ya fito da shi bai wuce keke ɗaya da wata tsohuwar tafireta da ya saya a gwanjo ba. Mun ɗauka zai zauna a ƙofar gida ya riƙa jan carbi. Wata safiya ina buɗe shago sai ga shi da guntun katako da ƙusa, ya kafa a ginshiƙin rumfata. A jiki an rubuta: Ofishin Haɗakar Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai. Na tambaye shi wa ya ba shi izini, ya ce taro ne ya yanke. Na ce yaushe aka yi taron ban sani ba.

"Jiya," in ji shi. "An rubuta ka aiko da uzuri."

Daga ranar rabin rumfata ya zama ofis, ni ina taka keken ɗinki a gefe guda, shi yana dukan tafireta a ɗaya gefen. Masu wucewa suna cewa kamar maƙera biyu ne ke gasa.

Ba hauka ba ne ya kawo shi, ko da yake mun faɗi haka a lokacin. A zamanin nan akwai ƙananan ƙungiyoyi barjat a ƙasarmu: samari masu aikin gayya suna cike ramukan hanya, manoma, mahauta, makafi, mata masu ƙuli-ƙuli, makiyaya. Kowace tana ta kanta, ba wadda ta san abin da 'yar'uwarta ke ciki. In gwamnati za ta ba da iri, ko siminti, ko ta kira kwas, sai a manna sanarwa da Turanci a allon ofis. Kafin labari ya kai Gagarawa ko Sule Tankarkar an rufe. Ilu ya ga wannan da idonsa lokacin fari, yana cikin ofis. Ya ce mini ya lura taimako ba wurin mabuƙaci yake zuwa ba, wurin wanda ya fara jin labari yake zuwa, kuma shi zai zama kunnen waɗanda ba sa ji.

Sai ya fara fitar da takarda, falle ɗaya gaba da baya, sau biyu a wata. Ya raɗa mata suna mai tsawo da ba wanda ya riƙe, kowa takardar Ilu yake cewa. A gaba labarin abin da ƙungiyoyi suka yi: wa ya gyara kwalbati, wa ya share maƙabarta, wa ya yi alkawari bai cika ba. A baya sanarwar gwamnati da sabbin dokoki, ya kwafo daga allon ofis ya mai da su Hausa. Can ƙasa kuma ɗan darasi, yadda ake rubuta wasiƙar neman taimako, ko yadda ake zaɓen shugaba ba tare da an doki juna ba. Da takardar kabon yake bugawa, biyar biyar, kuma kabon ɗin ba ya barinsa sai ana hango rana ta cikinsa. Kwafin ƙarshe kullum na Sule Tankarkar ne. Mutanen can suka aiko cewa su da zato suke karanta tasu. Ya mayar musu da amsa cewa zato mai kyau ma ibada ne.

Ranar Alhamis ba ya fashin kasuwar Maigatari. Can yake ba direbobi da fatake su kai ƙauyuka, ya kuma tsaya kusa da karar shanu ya karanta da ƙarfi don waɗanda ba su iya ba. Wata rana wani bafatake daga Damagaram, mai sayar da kanwa, ya saurara har ƙarshe, abin ya burge shi, ya matso ya ce, "Sannu da aiki, Mushe." Ilu ya cire tabarau ya tambaye shi ko ya ga ungulu na shawagi a kansa. Da ƙyar aka fahimtar da shi cewa a can haka suke kiran malamin makaranta, girmamawa ce. Ya karɓi bayanin, amma a fitowa ta gaba sai ga layi a ƙasan takarda: ana sanar da ƙungiyoyin bakin iyaka cewa Sakatare yana nan da ransa.

Babbar wahalarsa ita ce tafiretar nan ta Turawa ce, ba ta san harafi mai ƙugiya ba. In ya gama bugawa sai ya ɗauki biro ya bi kowane kwafi, layi layi, yana ɗora wa haruffa ƙugiyarsu. Na ce masa ai Bahaushe zai gane ko babu. Ya ce Bahaushe zai gane, amma ba abin da aka rubuta zai gane ba. Na yi masa dariya, ashe ranar tana tafe.

Ya shirya kwas na kwana uku don shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyi, ya kuma so kowane shugaba ya taho da mutum biyu daga garinsu waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, su ma su koya. Ya buga cewa kowane shugaba ya zo da baƙi biyu. Yana cikin sa ƙugiya ni kuma ina ta tsokanarsa a kan wata hula, sai ya tsallake layin a kwafin da ya tafi Ɗanzomo. A can akwai Arɗo Buba, shugaban wata ƙungiya ta makiyaya da manoman kewayen, dattijo mai ajami amma ba ya boko. Malamin makaranta ya karanta masa yadda ya gani a rubuce. Bayan kwana biyu saƙon Arɗo ya iso ta bakin wani direba: a gaya wa Sakatare su baki ɗaya gare su, in taron na masu baki biyu ne a yi lafiya ba da su ba.

Ilu ya miƙe tsaye. Ya soke biro a hula, ya ɗaure ƙafar wando, ya hau keke. Bazara ce, kun kuma san rairayin hanyar nan, rabi a kan keke rabi keken a kan mutum. Ya isa rugar Arɗo, ya nemi takardar, ya ɗora ƙugiya guda ɗaya, ya miƙa wa malamin makaranta ya sake karantawa. Arɗo ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya sa aka dama masa fura da nono. Da Ilu ya dawo, ƙafafu sun kumbura, na ce ai da ya aika direban ya yi bayani.

"Bayani ba ya gyara takarda," in ji shi. "Kuma laifinka ne, da hularka."

Tun daga ranar shi da Arɗo suka zama aminai.

An yi kwas ɗin a wata makarantar firamare lokacin hutu. Ana gobe ya sanar da ni cewa ni ne ciyaman na Haɗaka, don dole sai da ciyaman kuma ni ne mafi kusa. Na ce ban iya ba. Ya ce aikin kalma huɗu ne: in ce an buɗe, in ce an rufe. Jama'a sun zo daga garuruwan kewaye, manyan mutane sun dunƙule a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Mata suna gefe guda ta wajen taga. A cikinsu akwai Inna Talatu daga Gagarawa, shugabar mata masu matsar gyaɗa, gajeruwa, ba ta boko ba ta ajami, amma abin da ya shiga kunnenta sau ɗaya ya shiga ke nan. Matanta ne suka ɗauki nauyin girkin kwas ɗin.

Ranar farko Ilu ya koya musu ajanda, wato jera abubuwan da za a tattauna, ba a tsallake ɗaya a faɗa wani. Ya koya musu yadda mutum zai ɗaga hannu ya kawo ƙuduri, wani ya goya masa baya, sannan a ƙirga hannuwa, kuma abin da rinjaye ya yanke ya hau kan kowa, har da shugaba. Ya maimaita wannan har sau uku. Rana ta biyu ya hau bayanin yadda ake ajiye littafin taro. Ya fara da hantsi. Rana ta take, yana kan tarihin takarda. Ƙamshin dambu ya shigo ta taga ya gaji ya fita. Arɗo ya fara gyangyaɗi, ni kaina ina ganin allon bibbiyu. Sai Inna Talatu ta ɗaga hannu. Ilu ya ji daɗi, ya ce ciyaman ya ba ta dama.

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ina kawo ƙuduri Sakatare ya yi shiru a ci abinci."

Arɗo, ido a rufe, ya ce ya goya baya. Na ce masu amincewa su ɗaga hannu, sai ga aji ya zama kamar gonar dawa. Na ce waɗanda ba su amince ba, hannu ɗaya ya tashi. Ilu ya dubi ajin, ya dube ni, ya zauna ya buɗe littafi. Na leƙa na ga abin da ya rubuta, kuma har yau yana nan a littafin: an yanke Sakatare ya yi shiru. Sakatare bai amince ba, amma ya yi shiru.

Muna cin dambu ya raɗa mini cewa bai taɓa jin daɗin koyarwa kamar yau ba, don ya tabbata sun iya. A rana ta uku ya raba takardun shaida, ya buga su a bayan wasu tsofaffin fom da ofishin dabbobi ya zubar. Tawa tana cikin akwatina. Gabanta ya ce na halarci kwas ɗin shugabanci, bayanta ya ce an yi mini allurar bushiya, ciwon nan na shanu.

To, a nan wasa ya tsaya na ɗan lokaci. Bayan da aka sauya tsarin ƙananan hukumomi, wata takardar umarni ta fito daga Kano. Ta ce daga yanzu ba ƙungiyar da za a ba siminti ko kayan aiki sai mai rajista, kuma ba za a yi wa ƙungiya rajista ba sai ta kawo dokokinta a buge da Turanci, da littafin taro a rubutun boko. Ilu ya kwafo ta daga allo, ya dawo rumfa ya zauna bai taɓa tafireta ba. Ya ce mini in aka bi wannan, ƙungiyoyin da za su tsira na malaman makaranta ne da ma'aikata, waɗanda da ma ba su ne masu ƙishirwa ba.

Da gangan ya ce ƙishirwa. Mutanen Arɗo da manoman da ke maƙwabtaka da su sun shekara suna rigima a kan rijiya ɗaya, mata na fita da asuba su dawo rana tsaka da tulu guda, har an taɓa zare sanda. Ƙungiyarsu ce ta sasanta, suka haɗu suka haƙa sabuwa da aikin gayya, sun yi nisa ƙwarai har ƙasa ta fara danshi. Amma ƙasar can rairayi ce. In ba a ɗaure rijiyar da siminti kafin ruwan sama ya sauka ba, ruftawa za ta yi, aikin wata huɗu ya tafi, rigima kuma ta dawo sabuwa. An riga an yi musu alkawarin simintin, sai ga wannan takarda. Littafin taronsu Arɗo ne ke rubutawa, da ajami. Matan Inna Talatu kuwa, da ke jiran kwanon rufin rumfar da suke aiki a ciki, ba su da littafi sam.

Wani ya ba Ilu shawara ya zauna kawai ya buga wa kowace ƙungiya dokoki da Turanci, ya ƙago musu littafi, a wuce wurin. Ya ce ba zai sa mutane su dangwala hannu a kan abin da ba za su iya karantawa ba, kuma ba zai rubuta taron da ba a yi ba. Na tuna masa da wanda aka rubuta na aiko da uzuri. Ya ce wannan an yi shi, ni ne ban zo ba.

Ya rubuta wasiƙa uku zuwa Kano, shiru. Sai ya ji labarin wani jami'i daga ma'aikatar da ta fitar da umarnin zai zo rangadi ya ratsa ta Gumel. Ya aika masa da gayyata a matsayin babban baƙo, ya kuma aika wa ƙungiyoyi kowa ya zo da littafinsa. Ana gobe ya ja ni gefe ya ce duk abin da zai faru kada in bar kowa ya tsallake ajanda. Ya ƙara da cewa in na ji tsoro na sassauta, zai buga labarin wandon da na taɓa ɗinka wa wani ango, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya san inda zai kama ni.

Jami'in ya iso da hantsi a cikin jif, ya same mu a ajin makarantar nan da aka yi kwas. Matashi ne mai tsabta da ladabi, ba mugu ba ne, sauri kawai yake yi don yana so ya kai Haɗeja kafin la'asar. Na ce an buɗe. Ya miƙe da takardarsa zai karanta ya wuce, sai Ilu ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, kai ne abu na bakwai."

Jami'in ya dube ni. Ni kuwa na dubi gwiwoyina, na tuna da wando, na ce haka ajanda ta nuna. Ya koma ya zauna yana duba agogo. Abu na ɗaya addu'a, na biyu rahoton taron baya, daga na uku zuwa na shida kuwa rahoton ƙungiyoyi. Haka bawan Allahn nan ya zauna ya ji samarin Maigatari sun faɗi ramukan da suka cike, makafin Gumel sun faɗi yadda suke saƙar igiya suna ciyar da marasa lafiyarsu. Tun yana duba agogo har ya daina. Da aka zo kan Arɗo, ya buɗe littafinsa daga dama ya karanta ranar da aka fara haƙa, da sunan duk wanda ya shiga rami, Bafulatani da Bahaushe, da gaba nawa aka kai.

Da aka zo abu na bakwai jami'in ya karanta umarnin, muryarsa ta ɗan yi sanyi. Ya ce ya ji duk abin da aka faɗa kuma ya yaba, amma ba shi ya yi dokar ba, kuma gaskiya ajami ba rubutun da gwamnati ke aiki da shi ba ne. Ilu ya nemi izinin ciyaman, ya matsa gabansa da ladabi ya roƙi ya ara masa takardar naira ɗaya, in akwai a aljihu. Jami'in ya yi mamaki amma ya ciro. Ilu ya miƙa wa Arɗo, ya nuna masa wani wuri da yatsa ya ce ya karanta. Arɗo ya kai ta kusa da ido ya ce an rubuta naira ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Ilu, "wannan Arɗo ne ya buga ta, ko gwamnati?"

Dariya ta ɓarke a ajin, jami'in da kansa ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ni dai abin da na lura da shi, kafin Ilu ya mayar da takardar sai da ya juya bayanta ya duba ko akwai wurin rubutu.

Saura matan Gagarawa. Jami'in ya ce ajami dai ya ji, to waɗanda ba su da littafi fa? Ilu ya ce suna da shi, ga shi can zaune da mayafi. Ya bayyana cewa ya halarci taronsu sau da yawa ya rubuta a nasa littafin, ya miƙa wa jami'in ya ce ya zaɓi kowace rana ya tambayi Inna Talatu. Jami'in ya buɗe tsakiya ya faɗi wata rana bayan ƙaramar Salla. Inna ta fara zubo bayani: a gidan wa aka zauna, me aka tattauna, wa ta makara don akuyarta ta tsinke. Jami'in na bi da yatsa yana gyaɗa kai. Da ta zo sunayen mahalarta ta lissafo goma sha huɗu, jami'in ya ce a littafi goma sha uku ne. Inna ko a jikinta. Ta ce Sakatare ne ya manta da Ladi matar mai gishiri, wadda ta zauna bayan turmi, har ta ba shi ruwa ya sha ya ƙware.

Ilu ya ce tabbas an yi haka. Sannan ya karɓi littafin ya rubuta sunan Ladi, ya juya wajen mata ya ce kuskurensa ne, a ba Ladi haƙuri. Jami'in ya ce shi a aikinsa bai taɓa ganin inda mutum ya gyara littafi ba, kullum littafi ne ke gyara mutum. Bai kai Haɗeja kafin la'asar ba. Da mu ya yi salla, ya zauna a rumfata shi da Ilu suka tsara takardar da zai kai wa manyansa. Bai yi alkawarin komai ba sai cewa zai kai da hannunsa.

Mako uku muna kallon gabas muna kallon hanya. Hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, Arɗo ya aiko sau biyu. A mako na huɗu amsa ta zo: an yarda ƙungiya ta kawo dokokinta da Hausa, boko ko ajami, wadda ba ta da marubuci kuma a rubuta daga bakin shugabarta a karanta wa 'yan ƙungiya su amince. Motar siminti ta isa Ɗanzomo, aka yi kwana tara ana aiki, Ilu na can yana hana magina zubar da buhunan da aka juye. An ɗaure rijiyar, bayan kwana biyar ruwan farko ya sauka. Har yau ana sha.

Abin da ya rage in faɗa ba shi da yawa. Shekara talatin ina ɗinki, Ilu bai taɓa ba ni sabon yadi ba. Riguna biyu gare shi, faci kawai yake kawowa, har na kai ina yi wa faci faci. Wajen ƙarshen shekarun saba'in, bayan ya dawo daga wata tafiya Kano da bai gaya wa kowa dalilinta ba, sai ga shi da farin yadi a naɗe a hammata, ya ce in auna shi. Na yi ta tsiya, na tambaye shi ko amarya zai yi, ko kuwa yadin ma juya shi aka yi. Ya yi murmushi bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba. Na zagaya tef a ƙirjinsa, na duba lamba, na sake zagayawa. Na kama kafaɗa na ji ƙashi a hannuna. Manyan rigunan nan masu faci sun ɓoye mana abin da ke faruwa. Na ɗago na dube shi.

"Rubuta awo, ciyaman," in ji shi a hankali. "Ba a nemi sharhi ba."

Na rubuta. Ban taɓa ɗinka riga da kulawa kamar wannan ba, kuma sau biyu ina tsayar da keke don ba na ganin allura.

Ya sa ta ranar babban taron shekara. A ranar ya ajiye muƙaminsa, ya sa aka yi zaɓe, aka zaɓi malamin makarantar nan na Ɗanzomo. Ya miƙa masa tafireta da littattafai. Da aka watse ya shiga bayan labulen shagona ya tuɓe rigar, ya mai da tsohuwarsa, ya ninke sabuwar ya miƙa wa sabon sakatare. Ya ce ta ofis ce, a riƙa sa ta in za a ga manya, don kada a raina ƙungiyoyi saboda faci. Malamin dogo ne, rigar ko gwiwarsa ba ta kai ba. Na ce zan ƙara mata tsawo. Ilu ya ce a kai maganar taro.

Bayan wata biyu ya rasu, ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa, ina riƙe da hannunsa. Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, a mota da jaki da ƙafa, mutanen da yawancinsu iyalinsa ba su taɓa gani ba. Kowa ya zauna sai ya fara ba da labarinsa yana dariya, sannan ya kai hannu ido.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya karɓi wahalar da ya sha don mutanen da ba su da mai yi musu magana, ya sanyaya makwancinsa, ya albarkaci zuriyarsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau, ya haɗa mu da shi a gidan rahama. Amin.